Ya faɗi zaɓen majalisar jiha sau uku, yanzu ya dawo yana neman mu: a bi shi ko a ƙyale shi?

Abban_Hanifa:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema, kuma tun farko ba zan kama suna ba, ba zan faɗi mazaɓa ba, kada a ce an turo ni ɓata wani ko tallata wani. Jiya bayan isha'i wani abokin yayana ya same ni a ƙofar gida wai Alhajinsu zai sake fitowa takarar ɗan majalisar jiha kuma suna so in riƙe masu matasan layinmu da na layin baya, har da maganar za a ba ni babur na zirga-zirga. To ni abin da ya tsaya min a rai tarihin mutumin ne. A 2015 ya nemi tikiti ya faɗi tun a fidda gwani, 2019 ya fice ya koma wata ƙaramar jam'iyya ya tsaya ya sha ƙasa, 2023 ya samu tikitin babbar jam'iyya ya sake faɗuwa, aka ce ya tafi kotu, mu dai ba mu ji ƙarshen maganar ba sai ji muka yi ya koma Abuja. Yanzu ga shi a wata jam'iyyar daban kuma. Yaransa suna cewa duk cin zaɓen yake yi ana ƙwacewa. Ni ban san karatunsa ba, ban san ainihin sana'arsa ba in ban da ana cewa ɗan kwangila ne. Ta yaya mutum zai binciki irin wannan kafin ya sa sunansa da mutuncinsa a ciki? Kuma faɗuwa sau uku aibi ne ko jajircewa?

Sojan_Baka01:
Wa alaikumus salam. Malam karɓi babur ɗinka kawai, me ye na dogon bincike. Buhari sau nawa ya faɗi? 2003, 2007, 2011, sai a 2015 Allah ya ba shi. Mai nema yana tare da samu.

Ɗan_Panteka:
Na san sai an kawo misalin Buhari hhhh. Duk wanda ya faɗi ko kansila ne sai ya ce ai Buhari ma ya faɗi. Yallaɓai Buhari a duk faɗuwar nan da ya yi miliyoyin ƙuri'u yake kwasa. Tambayar ba sau nawa Alhajin ya faɗi ba ce, a ina ya faɗi kuma da tazarar nawa, shi ne magana.

MamanIlham:
Ni tambayata ɗaya ce Abban Hanifa, tsakanin zaɓe da zaɓe kuna ganinsa? Ana mutuwa ya zo gaisuwa? An yi ambaliya ko gobara a unguwa ya leƙo? In sai an kaɗa gangar siyasa yake tuna hanyar gida to ka samu amsarka.

Abban_Hanifa:
@MamanIlham gaskiya Hajiya ba zan yi masa ƙarya ba, da azumi yana aiko da gero da sukari masallatai, kuma akwai fanfon burtsatse guda biyu da ya yi a can ƙasan unguwa suna aiki har yanzu. Amma shi a karan kansa rabona da ganinsa tun ranar da aka faɗi sakamako.

Ejan_Akwati:
Bari in sa baki don na yi ejan na jam'iyya a 2019 da 2023, kuma maganar "ya ci aka ƙwace" na ji ta har na gaji. Abban Hanifa ba sai ka tambayi yaransa ba, akwai hanya. Kowace rumfar zaɓe tana da takardar sakamako da ake kira EC8A, a gaban jama'a ake ƙirga ƙuri'a a rubuta, ejan-ejan su sa hannu, kowa a ba shi kwafi, a manna ɗaya a bango. A 2023 jami'in zaɓe yana ɗaukar hoton takardar da na'urar BVAS ya tura shafin INEC mai suna IReV. Zaɓen gwamna da na 'yan majalisar jiha ranar 18 ga Maris aka yi, bayan an ɗaga shi daga 11 ga wata. Ka shiga shafin ka nemo ƙaramar hukumarku, ka nemo gundumarku, ka bi rumfa rumfa. Wasu hotunan dishi-dishi ne ba sa karantuwa, wasu ma ba za ka same su ba, amma abin da za ka gani ya ishe ka ka gane ko mutum na da jama'a. Ka fara da rumfar ƙofar gidan mahaifinsa. Wallahi na ga ɗan takarar da a akwatin da shi da matansa da ƙannensa suka jefa ƙuri'a bai zo na biyu ba ma, amma washegari yana rediyo yana cewa an yi masa fashi. Na 2019 kam ba za ka samu a IReV ba don sai a 2020 aka fara amfani da shafin, wannan sai dai ka nemi tsofaffin ejan na unguwa, da yawanmu muna ajiye kwafinmu, nawa yana cikin jakar takardun makarantar yara har yau.

Ɗan_Panteka:
Yauwa. Gani ya kori ji.

Sojan_Baka01:
@Ejan_Akwati to ai ba a rumfa ake murɗiyar ba, a wajen tattara sakamako ake yi da daddare bayan kowa ya tafi gida. Kai da ka yi ejan ka fi kowa sani.

Ejan_Akwati:
Na sani mana, shi ya sa na ce ya bi rumfa rumfa. In ka haɗa na rumfuna ya ba ka lissafi ɗaya, abin da aka sanar ya ba ka wani daban, to ka kama ɓarawo kuma Alhaji yana da gaskiya. In kuma lissafin ya zo daidai shi ke nan ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma wanda yake da kwafin EC8A na duk rumfunansa a hannu da hujjar an canja masa lamba ba ya barin kotu ya tafi Abuja shiru.

Ɗalibar_Shari'a:
Assalamu alaikum, ni ɗaliba ce ba lauya ba tukuna amma ga abin da muka karanta. Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 abu huɗu yake nema ga mai son zama ɗan majalisar jiha: ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25 (da 30 ne, gyaran da aka sa wa hannu a 2018 ya rage), ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, sannan ya zama ɗan wata jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi. Sashe na 107 kuma shi ya lissafa masu hana mutum, ciki har da ba wa INEC takardar bogi, da hukuncin kotu kan laifin rashin gaskiya cikin shekara goma kafin zaɓen, da ma'aikacin gwamnati da bai ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe ba. Game da karatunsa da kake tambaya, duk ɗan takara yana cike fom mai suna EC9 da rantsuwa a kai, a ciki yake rubuta ranar haihuwa, makarantun da ya yi da shekarun, da ayyukan da ya taɓa yi, ya haɗa kwafin satifiket. A dokar zaɓe ta 2022 da aka yi zaɓen 2023 da ita, INEC tana manna waɗannan bayanai a mazaɓar cikin kwana bakwai da karɓa, kuma kowa ma yana iya rubuta takarda ya biya kuɗin da aka ƙayyade a ba shi kwafi cikin kwana 14. Tunda Alhajin ya tsaya a 2019 da 2023 fom biyu ke nan ya cike, sai a ajiye su kusa da juna a gani ko labarin bai canja ba.

Malamin_Firamare:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wato dai ana manna takardun nan a ofishin INEC na ƙaramar hukuma mu muna wucewa ta gabansu a keke napep ba mu taɓa tsayawa ba.

Ummu_Sadiq:
Ni abin da ke ba ni mamaki sakandare kawai? Mai gadin banki ma yanzu sai an tambaye shi difloma amma wanda zai zauna ya duba kasafin kuɗin jiha gaba ɗaya sakandare ta ishe shi

Ɗalibar_Shari'a:
@Ummu_Sadiq Anti abin ma ya fi haka, ba a ce sai ya ci jarrabawar ba, cewa aka yi ya yi karatu zuwa wannan matakin. Shi ya sa wanda ya kawo sakamakonsa na gaskiya ko duk faɗuwa ce ya fi zama lafiya a kan wanda ya je ya ƙirƙiro digiri. Ku tuna Bayelsa a Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon gwamna Kotun Ƙoli ta rushe nasarar saboda matsalar sunaye a takardun mataimakinsa, shi bai ma yi komai ba ya tafi da shi. Sai dai fa a dokar 2022 ba kowa ne zai kai ƙara kan ƙarya a fom ba, sai wanda suka yi takarar fidda gwani tare a jam'iyya ɗaya, kuma kwana 14 ne kawai. Kai talaka naka shi ne ka gani ka faɗa wa mutane.

Ɗan_Rigasa:
Ku dai kuna ta maganar takarda. Mu a nan matsalarmu yawa ne, Rigasa kaɗai jama'arta ta fi ta wasu ƙananan hukumomi amma muna cikin mazaɓar Igabi ta Yamma tare da wasu garuruwa, kujera ɗaya. Jihar nan ta Kaduna ƙananan hukumomi 23 ne kujerun majalisa 34, ko farfesa aka zaɓa mana ta ina zai fara

Shugaban_Zaure:
@Ɗan_Rigasa maganarka gaskiya ce amma ka buɗe mata nata zaren daban, kada mu bar Abban Hanifa a tsaye.

Baba_TsohonMasaƙa:
Yara ku bari in gaya maku wani abu don naga kamar kun raina kujerar nan, har ana cewa a karɓi babur a wuce. Ina aiki a masaƙa a Kakuri lokacin jamhuriya ta biyu, lokacin Katsina ma tana cikin jihar Kaduna. A 1979 talakawa suka zaɓi Alhaji Balarabe Musa gwamna a PRP, amma majalisar da ke zama a Lugard Hall 'yan NPN ne suka fi yawa. Ya kai sunayen kwamishinoni suka ƙi amincewa, ya sake kaiwa suka ƙi, haka ya yi mulki babu kwamishina, a watan Yunin 1981 suka tsige shi, shi ne gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a ƙasar nan, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Ina tuna ranar, mun fito daga aikin safe mutane sun yi cirko-cirko a bakin get kowa da rediyo a kunne, wani abokin aikina har kuka ya yi, kuma shi ɗin nan da bakinsa ya gaya min bai ma san sunan wanda ya zaɓa ɗan majalisa ba. To kun ji aikinsu. Su ke amincewa da kasafi, su ke amincewa a ciwo bashi, su ke tantance kwamishina, su ke iya cire gwamna. Ba masu rabon gero ba ne.

MamanIlham:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wlh ban taɓa sanin haka aka yi ba, ina dai jin ana cewa an tsige shi.

Sojan_Baka01:
Baba da girmanka amma wancan zamani ne, na yanzu duk abin da gwamna ya aiko hannu kawai suke ɗagawa. To in dai ɗaga hannu ne gara wanda zai yi mana burtsatse ya ɗaga.

Malamin_Firamare:
@Sojan_Baka01 to ai saboda irin zaɓen da muke yi ne suka zama 'yan amshin shata. Kuma ko a haka, majalisar nan ce a 2024 ta kafa kwamiti ya binciki basussuka da kwangilolin gwamnatin da ta gabata, aka yi ta ce-ce-ku-ce har kotu. Ko ka yarda da rahoton ko ba ka yarda ba, ya nuna ikon yana nan, sai dai ranar da suka ga damar amfani da shi. Ni a shekarun da na yi ina koyarwa babu dokar da ta shafi albashina ko fanshona da ba ta bi ta ɗakin nan ba, amma ban taɓa ganin ɗan takara ya zo kamfe an tambaye shi ra'ayinsa kan ilimi ba, sai dai a ce Onarabul taransifomarmu ta ƙone.

Hajiyar_KasuwarBacci:
Ni dai bari in faɗi tawa ko za a zage ni. A 2019 an sa ni shugabar mata ta wani ɗan takara, ba wannan naku ba, wani ne can. Na tara mata sun fi ɗari a gidana, na ci bashin atamfa a wajen abokan kasuwa da sunana aka yi anko saboda ya ce in yi zai biya, na bi gida gida har ƙafata ta kumbura. Ya faɗi. Tun daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba, ni na yi wata takwas ina biyan bashin nan kaɗan kaɗan, mijina har yau in muka yi faɗa sai ya ce shugabar mata. Daga baya ne nake jin ashe haka ya yi wa waɗanda suka yi masa wahala a zaɓen baya, kuma suna nan a gari, da na tambaya da sun gaya min. Don haka Abban Hanifa tarihin da za ka bincika ba na INEC kawai ba ne, ka nemo wanda ya riƙe masa matasa a 2019 da wanda ya riƙe a 2023, me ya sa ba su aka dawo wa ba sai kai sabo? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗan_Panteka:
Hajiya kin gama magana. Me ya sa sai sabo kowane zaɓe, wannan tambayar ta fi EC9 zafi.

Ummu_Sadiq:
Shugabar mata hhhhh Allah ya huci zuciyarki Hajiya

Zazzau_Kewaye:
Ina so in ɗan kare Alhajin duk da ban san shi ba. Faɗuwa a fidda gwani ba ta nuna komai game da farin jinin mutum, kowa ya san yadda ake yi da daliget, mutum ƙalilan ne a ɗaki, wanda uban gida ya nuna ko wanda ya fi sakin kuɗi shi ke fita, wani lokacin ma ba a zaɓen sai a ce an yi masalaha alhali ɗauki ɗora ne. In ba 'yar tinƙe aka yi ba kada ka lissafa masa 2015 a faɗuwa. Na 2019 kuma a ƙaramar jam'iyya a lokacin da ake ihun sak, ko waliyyi ne ba zai ci ba, mutane da yawa alamar jam'iyya kawai suke dangwalawa, kuma a takardar ƙuri'a ai babu sunan ɗan takara babu hotonsa, tambarin jam'iyya ne kawai. Ke nan zaɓe ɗaya ne tak za a auna shi da shi, na 2023.

Ejan_Akwati:
@Zazzau_Kewaye na yarda da rabin maganarka. Amma mutanen Kaduna sun daina sak ɗin nan yadda kake zato. Duba 2023, a watan Fabrairu Atiku ne ya ci jihar nan kuma PDP ta kwashe kujerun sanata duka uku, bayan sati uku aka dawo Uba Sani na APC ya ci gwamna da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu 11 ba a kan Isa Ashiru. Mutane ɗaya ne fa, akwatuna ɗaya. Kuma a ranar 18 ga Maris ɗin da idona na ga rumfar da gwamna ya tafi jam'iyya ɗaya ɗan majalisa ya tafi wata, don takarda biyu ake ba ka. Wanda unguwa ke so tana nemo tambarinsa ko a ƙasan takarda yake.

Zazzau_Kewaye:
To shi Isa Ashirun da ka ambata ai misali ne a gare ni, sau biyu yana majalisar jiha daga 1999, sau biyu yana majalisar wakilai, ya zo ya nemi gwamna 2019 da 2023 bai samu ba. Za ka ce ba shi da jama'a? Ci da faɗuwa duk ba su ne ma'auni su kaɗai ba.

Ɗan_Panteka:
Shi wannan ai yana da inda ya taɓa ci, akwai abin dubawa. Na Abban Hanifa ko shugaban kwamitin masallaci ba mu ji ya taɓa riƙewa ba.

Ummu_Sadiq:
Ni sauya sheƙar ce ta fi damuna, jam'iyya nawa ke nan cikin shekara goma, uku ko huɗu? In ya ci ma gobe zai iya ɗaukar ƙuri'armu ya kai inda ba mu aike shi ba

Ɗalibar_Shari'a:
@Ummu_Sadiq a rubuce sashe na 109 ya ce ɗan majalisar jiha da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ce ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata. A aikace kuma kowa sai ya ce ai akwai rikici a jam'iyyarsa, kuma kakakin majalisa ne zai ayyana kujerar babu kowa, in wajen su kakakin ya koma wa zai ayyana. Kiranye ma yana nan a sashe na 110 amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu an tantance sannan a yi ƙuri'ar raba gardama, ku tuna na Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 a wajen tantance sa hannun ya rushe. Sannan Abban Hanifa ka duba yadda ya samu tikitin wannan karon, don a 2019 Kotun Ƙoli ta zubar da duk ƙuri'un APC a Zamfara tun daga gwamna har 'yan majalisar jiha saboda ba a yi fidda gwani yadda doka ta ce ba. Sai ka gama wahala a ce ƙuri'unku asara ne.

Sojan_Baka01:
Duk wanda bai taɓa canja jam'iyya ba a manyan Kaduna ya ɗaga hannu mu gani. Ku bar wannan maganar dan Allah, jam'iyya riga ce.

Malamin_Firamare:
Riga ce amma wanda yake canja riga duk ranar da aka hana shi nama a gidan biki, ba rigar ce matsalarsa ba.

Abban_Hanifa:
Jama'a na dawo, na gode ƙwarai. Tun bayan la'asar nake kan IReV ni da ƙanena har data ta ƙare muka sake sayowa. Ban gama duka ba amma na duba gundumarmu da ta kusa da mu. Abin ya ɗaure min kai. A rumfar ƙofar gidansu, inda aka haife shi, ya faɗi, kuma ba faɗuwar kusa ba. Rumfuna biyu na kusa da ita ma haka. Amma can ƙasan unguwa wajen burtsatsen nan ya ci da rata mai kyau, har da wata rumfa da ɗan takarar gwamnan jam'iyyarsu ya faɗi shi ya ci. Takarda uku ba sa karantuwa sam, ɗaya kuma an yi goge-goge a kan lambobin an sake rubutawa. Na kuma kira wanda ya riƙe masa matasa a 2023 kamar yadda Hajiyar Kasuwar Bacci ta ce, ya ce min shi ba zai ce komai a waya ba in same shi shago gobe.

MamanIlham:
To fa. Wanda ya ce ba zai faɗa a waya ba ai ya riga ya faɗa.

Ɗan_Panteka:
Maƙwabtan da suka san shi tun yana yawo ba wando sun ƙi shi, waɗanda suka san burtsatsensa kawai sun so shi. Ni dai na gama nawa lissafin.

Zazzau_Kewaye:
A'a Ɗan Panteka kada ka yi saurin yanke hukunci, sau da yawa na gida hassada ce ke cin su, ko rikicin gado ne a dangi, ko abokin takararsa ma ɗan layin ne. Abban Hanifa wanda ya kayar da shi daga wace unguwa yake? Kuma wannan mai goge-gogen fa, wa aka ƙara wa wa aka rage wa?

Abban_Hanifa:
@Zazzau_Kewaye wanda ya ci ba ɗan gundumarmu ba ne gaskiya. Mai gogen kuma ban iya gane lambar farko ba, amma ko duka ƙuri'un rumfar aka ba Alhaji ba na jin za su rufe ratar da na gani a sauran.

Ejan_Akwati:
Goge-goge ba kullum ne maguɗi ba, wani lokacin ɗan bautar ƙasa ne ya gaji ga duhu ga hayaniya ya rubuta a layin da ba shi ba ya gyara, in ejan sun sa hannu a ƙasa to yawanci sun gani. Maganar kotun ce nake so ka bi. Ƙarar zaɓe kwana 21 ake da shi a shigar bayan sanar da sakamako, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180, kuma ta ɗan majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Ke nan ba yadda za a yi a ce har yau ba a san ƙarshenta ba. Ko an kori ƙarar, ko ya janye, ko bai ma shigar ba. Kuma kotu tana juya sakamako in akwai hujja, a nan cikin gari ma an sake zaɓe a wasu rumfunan mazaɓar Makera a farkon 2024 bisa umarnin kotu, kujerar kakakin majalisa ce fa sukutum. In janyewa ya yi ka tambaya me aka ba shi ya janye, don waɗanda suka kwana a wajen tattara sakamako saboda shi ba a ba su komai ba.

Hajiyar_KasuwarBacci:
Ɗana in ma za ka yi masa, kada ka ci bashi da sunanka ko na ruwan leda ne, kuma babur ɗin a ba ka takardunsa da sunanka tun yanzu ba bayan zaɓe ba.

Sojan_Baka01:
Kun ga Hajiya ma ta dawo layina, a karɓi babur hhhh

Baba_TsohonMasaƙa:
Kowa ya ci ladan kuturu dai ya san sauran. Ni da zan samu zama da shi tambaya ɗaya zan yi masa, ya faɗa min doka ɗaya da majalisar nan ta yi a shekara huɗun nan wadda da yana ciki ba zai ɗaga mata hannu ba, da dalili. Wanda ya yi shekara goma yana neman shiga ɗaki ya kamata ya san abin da ake yi a cikinsa.

Ummu_Sadiq:
Baba wannan tambayar ko masu ci yanzu aka yi wa wasu sai sun nemi ruwa

Abban_Hanifa:
Sun ce ranar Asabar bayan magariba Alhajin zai zo da kansa ya gana da matasa a gidan abokin yayan nawa. Zan je shagon wancan gobe tukuna in ji abin da ba ya faɗuwa a waya, sannan in je taron da tambayar Baba da ta kotun. @Ɗalibar_Shari'a dan Allah takardar neman kwafin EC9 ɗin, ofishin INEC na ƙaramar hukuma ake kaiwa ko sai hedikwatarsu ta jiha?

Ɗalibar_Shari'a:
Ka fara da na ƙaramar hukumarku, in ba su da shi a nan za su tura ka gaba. Ka yi kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe.

Ɗan_Rigasa:
In ka je taron ka tambaye shi ko ya san adadin rumfunan zaɓen mazaɓar tasa ma. Kuma Shugaba na buɗe zaren Rigasa ɗin, ba wanda ya leƙo